TAYAR TSERE DA TAYAR HANYA: KAMA DA WANE BA TA WANE

Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, ta bi ta Kore Mairuwa da Dogon Dutsi, ta nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, ita ce babbar jijiyar ƙasar Arewa. A kanta a ke fitar da wake da dankalin turawa da bisashe zuwa manyan kasuwanni, a kanta kuma a ke kai marasa lafiya asibiti, ƴan makaranta su koma gida hutu. Dare da rana ba ta rabuwa da manyan motocin kaya, da motocin haya ƙirar Hiace, da baburan ƴan kabu-kabu. To, duk wannan nauyi, da dukiya da rayukan bayin Allah, a kan me ya ke tsaye? A kan ɗan wurin da taya ta ke taɓa ƙasa. A ƙaramar mota faɗin wurin nan bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Watau tafin hannu huɗu ne ke riƙe da mota in ta sha kwana, su ne kuma ke tsayar da ita in an taka birki.

Tun da talabijin da wayar hannu suka kawo wa jama'a tseren motoci na ƙasashen waje har cikin ɗaki, wata gardama ta shiga tashoshin mota da rumfunan masu faci. Samari suna ganin motocin da suka fi kowace mota gudu a duniya suna tafiya da taya sumul, babu zane ko ɗaya a jikinta, sai wasu su ce ashe taya mai sanƙo ta fi kama ƙasa, ashe babu laifi a ci gaba da aiki da tayar da ta suɗe. Wannan magana tana da haɗari ƙwarai, domin kuwa rabinta gaskiya ce, rabin da ya rage shi ke kashe mutane. Saboda haka ya kamata a warware ta daki-daki.

Uwa ɗaya, aiki daban

Tayar tsere da tayar hanya tushensu ɗaya. A shekarar 1844 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya sami takardar mallakar dabarar dafa roba da farar wuta don ta yi ƙarfi, ta daina narkewa da zafi. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi da ke zaune a birnin Belfast, ya ɗaura wa keken ɗansa tayar da a ke hura wa iska. Daga nan ƴan'uwa biyu na gidan Michelin a Faransa suka ɗauki abin, kuma a fagen tsere suka nuna wa duniya amfaninsa: a 1891 Charles Terront ya ci tseren keke na Paris zuwa Brest da dawowa a kan tayarsu, a 1895 kuma suka shiga tseren Paris zuwa Bordeaux da motar da ke tafiya a kan tayoyin iska. A 1946 kamfanin nan ya fito da tayar da a ke kira radiyal, wadda zarurrukan cikinta su ke tsallake taya daga gefe zuwa gefe, sa'an nan a yi mata ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin zane. Irinta ce ke ƙarƙashin kusan kowace ƙaramar mota a yau.

Amma da tafiya ta yi tafiya sai aka rabu. Kamar dai dokin sukuwa ne da takarkari. Dokin sukuwa ana kiwonsa da gero da kanwa domin gudun da bai wuce ɗan lokaci kaɗan ba, a fili shararre. Takarkari kuwa ana so ya ɗauki kaya ya wuni yana tafiya, ko cikin rairayi ko cikin taɓo. Kowa ya ɗora wa dokin sukuwa buhun gero ya nufi kasuwa mai nisa, ya san abin da zai tarar.

Abin da tayar tsere ta ke bukata

Babban tseren motoci na duniya, wanda a ke kira Formula 1, yawanci ana yin sa a kan kewayayyar hanya da aka gina musamman don haka, mai kwalta lafiyayye, wadda a ke sharewa kafin a fara. Babu rami, babu tsakuwa, babu jaki ko amalanke. Tun daga 1971 aka soma amfani da taya marar zane a wannan tsere. An hana ta daga 1998 zuwa 2008 don a rage gudun motoci a kwana, aka mayar da ita a 2009. Tun 2011 kamfanin Pirelli na Italiya shi kaɗai ke ba dukkan motocin taya.

Dalilin rashin zanen a fili ya ke. A busasshiyar kwalta, gwargwadon yawan robar da ta kwanta a ƙasa, gwargwadon ƙarfin riƙo, kuma fuskar da ba a tsattsaga ba ba ta lanƙwashewa in mota ta sha kwana da ƙarfi. Amma asirin tayar yana cikin irin robar da aka yi ta da ita. Roba ce mai taushi ƙwarai, wadda in ta yi zafi sai ta zama kamar danƙo, ta shiga ƴan ƙananan ramukan kwalta ta manne. Ba ta fara aikinta sosai sai zafinta ya kai wajen digiri 100, watau zafin da ruwa ke tafasa. Shi ya sa kafin a ɗaura ta a ke naɗe ta cikin bargon lantarki mai zafin digiri 70, shi ya sa kuma a ke ganin direbobi suna karkaɗa mota hagu da dama kafin a tashi, don kada tayar ta huce. In ta yi sanyi santsi gare ta, har gwanin direba ya kan kasa riƙe motar.

Wannan riƙo kuwa da tsawon rai a ke sayen sa. Yawancin tseren Formula 1 kilomita 305 ne ko ɗan fiye, watau kaɗan ya ɗara nisan Yamai zuwa Dogon Dutsi, amma duk da haka ba a gama shi da tayoyin da aka fara. Doka ma ta tilasta wa kowane direba ya yi aiki da iri biyu na roba in ba a yi ruwa ba. Ana gane su da launin da ke gefe: ja ita ce mai taushi, rawaya matsakaiciya, fara mai tauri. In lokacin canji ya yi, ma'aikata wajen 20 ne ke taruwa a kan mota guda, su sauya tayoyi huɗu cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A ƙasar Katar, a 2023, ma'aikatan McLaren sun yi wannan aiki cikin daƙiƙa 1,8.

To, in hadari ya taso fa? Nan take kowa ya kan ruga ya cire tayar marar zane. Akwai mai launin kore don yayyafi, akwai mai launin shuɗi don ruwa mai ƙarfi, kuma dukkansu zane gare su mai zurfi. A 2017 kamfanin Pirelli ya bayyana cewa tayar ruwan tana iya kawar da lita 85 na ruwa cikin daƙiƙa ɗaya in mota tana gudun kilomita 300 a awa. Ashe su kansu masu tseren ba su yarda da taya sumul ba sai ƙasa tana bushe ƙamas.

Abin da a ke nema ga tayar hanya

Tayar hanya ba ta da bargon lantarki, ba ta da ma'aikata 20 masu jiran ta. Dole ta kama ƙasa da sanyin asuba cikin hunturu, ta jure zafin la'asar cikin bazara, ta ratsa ruwa da damina, ta ɗauki kaya, ta faɗa rami ta fito, kuma ta yi kilomita dubu 40 ko fiye in hanya tana da kyau. Don haka a ke yin ta da roba mai tauri, a tsaga mata zane mai zurfin milimita 8 ko kusa da haka in tana sabuwa. Aikin zanen shi ne ya ba ruwa hanyar fita. In ruwa ya kwanta a kan kwalta, kuma zanen bai isa ya kore shi ba, sai tayar ta hau bisa ruwan kamar kwalekwale. A lokacin nan ko an juya sitiyari ko an taka birki, mota ba ta jin magana.

In aka kai wannan taya fagen tsere, ita ma ba ta daɗewa. Bayan ƴan kewaye kaɗan da gudu mai tsanani sai zafi ya yi mata yawa, tudun zanenta su riƙa lanƙwashewa suna ɓantarewa, motar ta fara zamewa a kwana. Saboda haka kamfanoni suka yi wata ta tsakiya domin masu motocin alfarma na Turai da Amurka da Japan, waɗanda su kan biya kuɗi su shiga fagen tsere ranar hutu. Irinsu su ne Michelin Pilot Sport Cup 2, da Pirelli P Zero Trofeo R, da Toyo R888R. Doka ta yarda a hau titi da su, amma zanensu kaɗan ne kuma ba shi da zurfi, robarsu tana da taushi, suna saurin cinyewa, kuma ba su da ƙarfin korar ruwa kamar tayar yau da kullum. Har ila yau, duk lokacin da irin wannan roba ta yi zafi ta huce, sai ta ƙara tauri, har a kai ranar da zane yana nan amma riƙon ya tafi.

Daga nan mai karatu zai gane inda kuskuren ya ke. Tayar tsere an haife ta sumul, da roba sabuwa mai taushi da kauri daidai aikinta. Suɗaɗɗiyar tayar hanya kuwa tsohuwa ce, rana ta gasa ta, robar ta ƙeƙashe, abin da ya rage tsakanin kwalta da wayar ciki ɗan kaɗan ne. Ta rasa zanen da zai kori ruwa, ba ta kuma sami taushin da zai manne ƙasa ba. Ƙusa ko kaifin dutse kaɗan ya ishe ta. Kamarsu a ido ne kawai.

Darasin Indianapolis

Ran 19 ga watan Yuni na 2005 wani abin mamaki ya faru a birnin Indianapolis na Amurka. A shekarar nan kamfanoni biyu ke ba motocin Formula 1 taya, Michelin da Bridgestone, kuma dokar shekarar ta hana canza taya cikin tsere. A fagen akwai wata kwana mai gangare da a ke sha da gudu mai yawa. Wajen gwaji tayar baya ta motar Ralf Schumacher ta fashe a wannan kwana, ya daki bango. Da masanan Michelin suka bincika, sai suka ce ba za su iya lamunce wa direbobi cewa tayoyin da suka kawo za su jure kwanar har ƙarshen tsere ba. Ranar tsere, cikin motoci 20, guda 14 suka koma rumfunansu kafin a tashi, guda 6 masu Bridgestone kaɗai suka yi tseren a gaban dubban ƴan kallo masu ihun fushi. Daga baya kamfanin ya mayar wa mutane kuɗin shigarsu.

Abin lura a nan shi ne, tayoyin nan sababbi ne fil, daga hannun gwanayen duniya, amma ba su dace da wannan hanya ba. Aka zaɓi kunya da hasarar kuɗi a kan hasarar rai. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tseren da ya san ƙasarmu

Nahiyar Afirka ta rabu da Formula 1 tun 1993, lokacin da aka yi na ƙarshe a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Tseren da mutanen Nijar suka gani da idonsu wani iri ne dabam, watau na Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro. Na farkon ya tashi daga Paris ran 26 ga watan Disamba na 1978, ya ratsa Aljeriya, ya shigo ta Arlit da Agadas da Yamai, ya wuce Mali, ya isa Dakar ran 14 ga Janairu na 1979. Cikin motoci da babura 182 da suka tashi, 74 ne suka kai. Shekaru da yawa hamadar Tenere ta kasance zuciyar wannan tsere, kafin a mayar da shi Kudancin Amurka a 2009, sa'an nan Saudiyya tun 2020. Kafin shi ma, motar Peugeot 404, wadda tsofaffin direbobin Arewa suka sani sarai, ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968.

Tayar irin wannan tsere kishiyar ta Formula 1 ce. Tana da tsawo, da zane mai kauri, da gefe mai ƙarfi don kada dutse ya yanke ta. Ita ce ta fi kusa da bukatar ƙasar Arewa, inda direba zai bar kwalta ya hau burji mai gargada ya nufi ƙauyukan Matankari ko Dogon Kiriya, ko ya gangara cikin rairayin Dallol Mawri wajen Tibiri da Gesheme, ko ya tarar ƙorama ta yanke hanya da damina.

Akwai dabara guda da direban tseren hamada da direban Dallol suka yi tarayya a kanta: in an shiga rairayi mai zurfi sai a rage iska, domin tayar ta ƙara kwanciya, nauyin mota ya bazu, kada ta nutse. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi, shi ne a mayar da iskar da zarar an komo kan kwalta. Tayar da iskarta ta yi kaɗan, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da a ke tanƙwarawa har ta yi zafi ta karye. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska ya kan wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, in aka haɗa ƙarancin iska da kaya fiye da kima da gudu, sai ɗamarar ciki ta rabu da roba, taya ta fashe. Mai tsere zafi ya ke nema wa tayarsa. Direban Arewa kuwa zafi ne babban abokin gabansa.

Karatun gefen taya

A makwabciyarmu Najeriya kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas a 2008. Tayoyin da ke kasuwanninmu daga ƙetare su ke zuwa, sababbi da na gwanjo. Cikin na gwanjon nan akwai kowane iri, domin an yi su ne don wasu ƙasashe da wani yanayi. Amma kowace taya tana ɗauke da takardar shaidarta a gefenta, sai dai ga wanda bai karanta ba.

In an ga an rubuta 205/55 R16 91V, to 205 faɗin taya ne da milimita, 55 tsawon gefenta ne bisa ɗari na faɗin, R radiyal ke nan, 16 kuma girman ƙarfen da a ke ɗaura ta. Lamba 91 tana nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, harafin V kuma yana nufin iyakar gudunta kilomita 240 a awa. Harafin T 190 ne, H kuma 210. Motar haya irin Hiace tana bukatar tayar da ke da harafin C bayan girmanta, kamar 195 R15 C, wadda aka yi don kaya: in lambarta 106 ce, tana ɗaukar kilo 950. Wanda ya ɗaura wa motar haya tayar ƙaramar mota don ta fi araha, ya ɗora wa tayar abin da ba a yi ta dominsa ba. Haka nan taya mai gajeren gefe, irin ta motocin alfarma, kyanta a ido ne. Ramin farko zai iya fasa ta ya lanƙwasa ƙarfen.

Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, su ne ranar haihuwar taya. In an ga 2319, an yi ta cikin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar in taya ta shekara 5 tana aiki a riƙa kai ta ga masani kowace shekara, in ta cika 10 kuma a yar da ita ko da zanenta yana nan. A ƙasar rana irin tamu, tsattsagewar gefe ta kan bayyana tun kafin nan. Cikin ramin zane kuma akwai wani ɗan tudu da aka sa da gangan, tsawonsa milimita 1,6. Ranar da zane ya yi daidai da shi, aikin tayar ya ƙare. In kuwa an ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, tayar hunturun Turai ce, an yi robarta don sanyin da ya gaza digiri 7. A kan kwaltar bazara sai ta yi laushi fiye da kima, ta cinye da sauri, birki kuma ya ƙara nisa.

Game da iska, a auna ta da safe kafin a tashi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ko na sanda ba. Adadin da ya dace, wanda masu faci ke ƙirgawa da kilo, yana rubuce a bakin ƙofar direba ko cikin littafin mota. In an yi tafiya taya ta yi zafi, iskar ta kan hau kaɗan, kuma haka ya kamata ta yi. Kada a sace ta a lokacin nan, domin in ta huce za ta gaza. Kada kuma a manta da tayar ajiya, ba a fafe gora ranar tafiya.

Nauyin kowa

Masu tsere suna auna zafin tayarsu da iskarta a kowane kewaye, suna jefar da ita tun ba ta gaza ba, alhali mutum ɗaya ne cikin motar, da hular kwano a kansa, da likitoci suna jira a bakin fage. Direban haya da ya taso daga Dutsi zuwa Yamai yana ɗauke da iyayen wasu da ƴaƴan wasu, babu ko ɗaya daga cikin wannan tanadi. Abin koyi daga fagen tsere shi ne wannan kula, da zaɓen tayar da ta dace da hanyar da za a bi.

Saboda haka kira ya tafi ga masu motoci da su daina tilasta wa direbobinsu fita da tayar da ta mutu, ga shugabannin tasha da su duba ƙafafun mota kafin a yi lodi, ga masu faci da masu sayar da taya da su faɗa wa mai saye gaskiya, ga jandarmomi da su sa ido. Fasinja ma yana da ikon ya sunkuya ya duba kafin ya biya kuɗinsa. Araha ba ta ado, kuma kuɗin taya huɗu bai kai ran mutum ɗaya ba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.